Cindo da Farin Ƙwan Bayan Gida

A Tungar Maje an yi wani mutum ana ce masa Cindo. Ba yaro ba ne, don gemunsa har ya fara furfura, amma duk abin da aka faɗa masa haka yake ɗaukarsa, ba ragi ba ƙari. In ka aike shi ka manta ba ka ce ya dawo ba, to sai dai ka bi sawunsa. Yana zaune a gidan yayansa Malam Haladu, tsohon malamin firamare, tare da matar Malam ɗin, Ladidi. Iyayensu sun daɗe da rasuwa, kuma duk faɗin garin nan Malam kaɗai ne bai taɓa ɗaga wa Cindo hannu ba. Shi ya sa ba abin da Cindo yake tsoro a duniya kamar ranar da za a wayi gari a ce babu Yaya.

Malam kuwa yana da wani hali da ya hana gidan sakat, wato karatu a bayan gida. Tsohon masai ne can a ƙuryar gida, an daɓe bakinsa da siminti, an rufa masa kwano, ba taga, ko da tsakar rana ciki duhu ne kamar cikin tulu. Can yake shigewa da buta da tocila da tsohuwar jarida, ya yi ta zama har kununsa ya huce. Wai nan ne kaɗai ba a biyo shi da ƙorafi. Ladidi ta yi magana har bakinta ya gaji.

"Malam, wurin nan fa da masu shi. Mai daɗewa a ciki, wata rana riƙe shi suke yi."

Malam ya yi dariya ya ce camfi ne. Cindo bai yi dariya ba. Shi dama bai taɓa sa ƙafarsa a wurin ba, daji yake zagayawa, kuma tun daga ranar duk lokacin da Yaya ya shiga sai ya sami wuri nesa kaɗan ya tsuguna, idonsa a kan ƙofa.

Wata rana Malam ya sa aka kafa sola a kan rufi, aka kawo fararen ƙwayayen lantarki masu murɗe, irin waɗanda ba sa shan wuta, har da guda na bayan gida. Ya tattara tsofaffin jajayen na zamanin janareta ya miƙa wa ƙanen nasa ya ce, "Cindo, kai waɗannan inda ba zan ƙara ganinsu ba." Cindo ya zauna ya yi tunani. Juji dai Yaya yana wucewa ta gabansa in za shi masallaci. Rijiya kuma guga zai fito da su. Wuri ɗaya ya sani da in an kai abu ba a ƙara ganinsa, shi ne inda aka kai Baba da Inna. Ya naɗe su a farin ƙyalle, ya ɗauki fartanya ya nufi maƙabarta, ya yi musu ɗan rami tsaf, ya rufe, ya ɗora ƙaya. Washegari aka ga sabon kabarin jariri. Liman bai yi wa kowa salla ba, ba a ji kuka a gidan kowa ba, ungozoma ta rantse ba ta karɓi haihuwa ba. Gari ya yi tsit, mata suka janye 'ya'yansu cikin gida. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, mai unguwa ya ce a tona. Fartanya na taɓa farin ƙyallen wani abu ya yi tas a ciki, rabin dattawan garin suka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

"Ku bi a hankali, na Yaya ne," in ji Cindo daga baya. Ya dubi Malam da ke tsaye ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ga shi nan kun sa ya gansu."

Wata rana Malam ya ce masa, "Batirin nan ba rijiya ba ne. Duk ɗakin da ka duba ba ka ga kowa ba, ka kashe wutar." Cindo ya bi ɗaki ɗaki yana kashewa, har ya iso bayan gida, inda makunnin yake daga waje. Ya duba da kyau. Ƙofa ya gani a rufe, bai ga kowa ba, sai ya danna. Malam yana tsakiyar labarin wani taron manoma duhu ya rufe shi. Ya ɗaga kai, sai ga farin ƙwan nan da aka kashe bai mutu duka ba. Wani haske ne mai kore kore ya rage a cikinsa, yana ɗaukewa yana dawowa kamar ido mai ƙiftawa. Mutumin da ke cewa camfi ne ya fito da takalmi ƙafa ɗaya, ya bar buta a ciki.

"Kai, ba ka san ina ciki ba?"

"Na sani, Yaya. Amma cewa ka yi in ban gani ba."

Malam ya yi musu bayani mai tsawo, wai irin waɗannan ƙwayayen haka suke, ragowar wuta ce ke yawo a waya. Yana bayanin yana share gumi da jarida. Ladidi ta tofa addu'a ta shige ɗaki.

Hali zanen dutse, kwana biyu Malam ya koma karatunsa. Ladidi ta ja Cindo gefe ta ce, "In ya daɗe, ka riƙa tuna masa da akwai mutane a waje. Amma kada ka yi magana a wurin, kada su ji muryarka." Wata rana da azahar Malam na ciki sai ya ji ana shafa kwanon bango daga baya, a hankali, da farce. Ya ce, "Wane ne?" Shiru. Aka koma ɗaya gefen aka ci gaba. Ya ce, "Na ce wane ne?" Sai numfashi kawai yake ji ta ɓular ƙusa, dab da kunnensa. Da ya fito ya zagaya, Cindo ya samu manne da bango, ya toshe bakinsa da hannu biyu, idonsa cike da hawayen murna don Yaya ya fito lafiya. Malam ya buɗe baki zai yi faɗa, ya ga hawayen, ya fasa.

Damina ta kankama, ruwa ya yi ta sauka ba ƙaƙƙautawa. Malam ya riga ya gyara dokarsa, ya ce, "Wutar bayan gida kada ka ƙara kashe ta sai ka tabbata babu kowa." Wata rana Cindo ya je kashewa, ya kara kunnensa a ƙofa don ya tabbata. Ya ji wani abu na zuba suuu, ya tsaya, ya sake zuba, kamar ana juya shafin jarida. Ya leƙa zaure, ga Yaya can yana gyangyaɗi. Ya dawo ya kara kunne, abin na nan. To ina tabbas? Ya bar wutar. Haka ta wuni ta kwana tana ci, ga hadari ya rufe rana, har batiri ya mutu murus, ko waya ba a samu an yi caji ba.

Ladidi ta ce, "Ni na shiga uku da mutumin nan. Cindo, abin da yaron goye ma ya kusa sani? Gyaran murya ake yi a bakin ƙofa. In an yi shiru, babu kowa. In an amsa maka da gyaran murya, da mutum a ciki, ba mai shiga sai ya fito."

"Ba mai shiga, uwar gida?"

"Ko waye. Sai ya fito."

Wata rana da hantsi, bayan an kwana ana ruwa, rana ta ɗan leƙo batiri ya farfaɗo. Cindo ya je bakin ƙofar ya yi gyaran murya. Daga ciki aka amsa masa. Murya ce mai kauri, daga ƙasa ƙasa, kamar ta tsoho mai majina a ƙirji. Tsikar jikinsa ta tashi, amma bai gudu ba. Ya juya ya ba ƙofar baya ya tsaya. Can sai ga Malam da buta da jarida, yana sauri.

"Matsa mini."

"Da mutum, Yaya."

Malam ya waiwaya. Ladidi na bakin murhu. "Ga ni, ga ka, ga ta can. Wa ya rage a gidan nan?"

"Ban sani ba, Yaya. Ya dai amsa."

Malam ya yi tsaki, ya yi nasa gyaran muryar da ƙarfi don ya kashe maganar. Aka yi shiru. Har ya fara murmushi sai amsar ta zo, doguwa, tana gurnani, ƙofar kwanon tana ɗan rawa da ita. Ladidi ta saki muciya ta miƙe. Kyankyasai suka fara fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, da rana tsaka, suna bi ta kan ƙafafun Cindo.

"Kwaɗi ne," in ji Malam. Kunyar matarsa ta kama shi, ga ciki ya matsa masa, sai kunyar ta koma fushi. "Na ce ka matsa!"

Cindo ya ware hannuwa ya riƙe katakon ƙofa dama da hagu. Malam ya ja shi, ko gezau. Ya ture shi, kamar an dasa shi. Sai ji kake tau, Malam ya ɗauke shi da mari. Duk su ukun suka tsaya cak, don ba a taɓa yin haka a gidan ba. Hawaye ya gangaro cikin gemun Cindo, amma hannunsa bai saki katakon ba.

"Sai ya fito, Yaya."

Malam ya miƙa ƙafa ta gefensa ya hankaɗa ƙofar ta buɗe. Farin ƙwan na ci, ɗakin fayau, ba kowa sai daɓen siminti da 'yar kujerar da yake ajiye jarida. "To ka gani da idonka? Ina mutu..." Bai ƙarasa ba daɓen ya tsage daga bango zuwa bango. Ya lotsa a hankali, sannan ya rufta gaba ɗaya da wata irin ƙara, ya tafi da kujerar. Ashe ruwa ya daɗe yana cin ƙasar da ke ƙarƙashi, siminti kaɗai ya rage a sama kamar ɓawon ƙwai. Wari ya taso, ƙwan yana ta lilo a kan baƙin ramin da ba a ganin ƙarshensa.

Ladidi ta ɗora hannu a ka tana salati. Malam ya zauna daɓas a cikin taɓo, jarida ta jiƙe a hannunsa. Ya daɗe yana kallon inda da yanzu yake tsugune. Sannan ya miƙa hannu ya jawo ƙanensa, ya shafa kuncin da ya mara, inda yatsunsa suka kwanta.

"Cindo, ka yafe mini. Don Allah ka yafe mini."

"Ai bai yi zafi ba, Yaya." Cindo ya share fuska da hannun riga, ya leƙa ramin, ya daɗe yana saurare. "Amma fa shi na cikin har yanzu bai fito ba."

Babu wanda ya yi dariya. Ladidi ta kama hannunsa ta janye shi daga bakin ramin, Malam kuma ya tashi ya jawo ƙofar ya rufe.