Ranar da Na Kashe Kyaftin a Jega

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tashi na ƙaryata Turawa a gidan bidiyon Ɗanjumma ba. Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba. Ni ina noman albasa a Aliero, amma duk ranar kasuwar Jega ina da wata sarauta: ni ne mai fassara. Akwai kujera kusa da talabijin, tawa ce ni kaɗai (Turancin nawa na firamare ne, rabi ina ji, rabi ina cikewa da abin da ya sawwaƙa).

Akwai wani fim na jiragen da ke yawo tsakanin taurari, kashi-kashi yake zuwa, wani lokaci sai shekara ta zagayo kafin a samu na gaba. Fim ɗin nan ya shiga raina. Da yamma nakan kishingiɗa kusa da rudun da muke ajiye albasa, in zuba wa sama ido har tauraron farko ya fito, in ce can ne Kyaftin ya sauka shan ruwa. Kyaftin shi ne tsoho mai furfura da ke jan babban jirgin. Na fi sanin danginsa a kan na matata.

Kuma na san yadda ya mutu. A kashi na uku jirginsa ya kama da wuta, ya fitar da yaransa duka, ya zauna shi kaɗai yana murmushi, taurari suna zubowa ta taga kamar furen gero, har haske ya haɗiye shi. Na ba da labarin nan a gona, na ba da shi a wurin suna, har a bayan mota.

To, ranar da kashi na huɗu ya iso, ɗaki ya cika maƙil. Ana fara fim sai ga Kyaftin ya shigo da ƙafarsa, lafiya lau, har ya yi ƙiba.

Na miƙe tsaye. "Ɗanjumma, tsai da shi! Mutanen ga sun raina mu. Wanga mutum ya mutu, da idona na gani!"

"Zamna ka yi muna fassara, Malam," in ji shi.

"Ba ni fassara ƙarya. Su da sunka rubuta abinsu su manta? Ɗauko kashi na uku. In bai mutu ba, na bar kujerar ga har abada."

Ɗanjumma ya dube ni wani iri. "Ka tabbata?"

(Da ina da hankali, da a nan na tsaya.)

Ya laluba kwali ya zaro tsohon kaset ɗin, ya tura shi zuwa ƙarshe. Ga wuta, ga yaran suna fita. Na juyo ina kallon jama'a, ƙirji a gaba. Sai na ji ɗakin ya yi tsit. Na waiga. Kyaftin ya buɗe wata 'yar ƙofa, ya faɗa cikin ƙaramin jirgi, ya yi tafiyarsa. Ko gemunsa bai ƙone ba.

"An canza kaset," na ce, da wata murya da ban san tawa ce ba.

"Ba a canza komai ba," in ji Ɗanjumma. "Waccan ranar daidai wurin wutar ga mai ya ƙare muna, injin ba da lantarki ya mutu. Mutane sunka fara hayaniya, kai ka fitar da su waje ka ƙarasa musu da baki. Na ji naka ya hi daɗi, shi ya sa na ƙyale."

Sai abin ya dawo mini a hankali: mu zaune a ƙofar gidan bidiyon bayan magariba, ina nuna sama da hannu, ina zuba. Na maimaita shi har na manta cewa daga bakina ya fito.

Daga can bayan ɗaki wani dattijo ya miƙe, Kawu Bello, makiyayi ne daga Giwa Tazo da ba ya fashin kallo. Ya nuna ni da sandarsa.

"Ashe kai ka kashe muna shi? Ni ranar nan ko tuwo ban ci ba!"

Ɗaki ya fashe. Na nemi takalmina na rasa ɗaya, haka na fita. Alkawari kuma na riga na yi shi a gaban jama'a, kujera ta koma hannun wani malamin makaranta, wanda ke faɗin abin da aka ce kawai, ba ƙari. Sunan da aka laƙaba mini ya riga ni isa Aliero: Makashin Kyaftin.

Tun daga ranar, in na ji zuciyata ta taso zan ce wa mutum ya manta maganarsa, sai in dakata in tambayi kaina tukuna: shi ya faɗa, ko ni na faɗa masa ina kallon sama?