Telan da ya fi kowa aron littafi

Wani tela ne ƙafar teburin kekensa ta gutsure. Da ya taka keken sai tebur ya hau rawa, ɗinki ya karkace. Har wani mai riga ya dawo masa da ita, ya ce wuyanta na kallon kafaɗa. Ya cusa kwali, kwali ya lotse. Ya sa dutse, dutse ya zame. Matarsa ta ce ya kira kafinta mana, ya ce shi ba a yi masa gaggawa.

Ana nan wani maƙwabcinsa ya ba shi labarin ɗakin karatu na gari, wai kyauta ake ba da aron littafi har mako biyu. Gogan naka ya auna tsakanin ƙafar tebur da ƙasa da zare, ya ƙulla, ya kama hanya.

Ma'aikaciyar wurin ta yi masa kati, ta ce, "Malam, wane fanni kake so? Akwai tarihi, akwai lafiya, akwai jaridu, ga kwamfuta can."

Ya ce, "Bari dai in duba da kaina."

Ya bi kanta kanta yana kara zarensa a gefen littattafai, har ya dace da wani ƙaton littafin shari'a. Ya kai gida ya tura ƙarƙashin ƙafar, tebur ya tsaya cak.

Duk mako biyu sai ya mayar, ya ɗauko wani mai kaurinsa. Yau kamus, gobe littafin tiyata, jibi na taurari. Bai taɓa makara ba, bai taɓa yaga shafi ba, tunda bai taɓa buɗewa ba. Ita kuwa ma'aikaciyar, baiwar Allah, har nuna shi take wa ɗalibai.

"Ku dubi bawan Allahn nan. Tela ne fa, amma ƙananan littattafai ko kallo ba su ishe shi ba."

Shekara ta zagayo aka shirya taro, aka ce shi ne gwarzon makaranci. Ya zo da matarsa, ya zauna a gaba yana ta gyara hula. Shugaban ɗakin karatun ya yi dogon jawabi, sannan ya miƙo masa kyauta, wata na'ura shafal kamar faranti.

Ya ce, "Littafi dubu ne a cikin wannan. Daga yau mun hutar da kai ɗaukar kaya. Kawo katin naka ma, a ajiye shi a gilashi don na baya su gani."

Aka yi ta tafi. Tela ya tuna jiya ya mayar da kamus bai ɗauko wani ba, ga ɗinkin mutane jibge a shago. Ya juya na'urar ta gefe, ya ƙura mata ido, ya danna ta da babban yatsa. Matarsa ta sunkuyar da kai.

Shugaba ya ce, "Malam, faɗa wa jama'a abin da ke ranka."

Tela ya damƙe katinsa a aljihu, ya miƙa masa na'urar.

"Ranka ya daɗe, na gode. Amma ku riƙe ɗari tara da casa'in da tara, a ciro mini guda ɗaya mai kauri."