Rasuwar Ba-Gaggawa, Motar da Wanki Ya Kashe

Da zuciya cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka fara kumbura, nake sanar da 'yan'uwa direbobi da fasinjoji rasuwar motata ta haya, Ba-Gaggawa, bayan shekara ashirin da uku muna tare. Jiya da hantsi muka tafa da mai sayen ƙarafa: shi ya ɗauki gangar jiki, ni in riƙe lambar. Ya ce, "Baba, injin nan da sauransa fa." Na ce na sani, shi zai fara farfasawa.

Marigayiyar mai riƙon amana ce. Da safe takan yi tari, kuhu, kuhu, kuhu, kafin ta amsa makulli. Ta ɗauki mai naƙuda, ta ɗauki mai yaji, ta sha jin zagin manya a kujerar baya, ba ta taɓa kai gulmar kowa ba.

Sirrin lafiyarta taɓo ne. Tun da aka kafa kyamarori a turakun fitilun hanya, masu karanta lambar kowace mota su rubuta inda ta bi da ƙarfe nawa, na daina wanke mata baya. Ban yi boko ba, amma na san abin da ba a karanta ba, ba a tambayar mutum a kansa.

Ciwon ajalinta ya fara ne ranar da surukina, mutumin kirki, ya are ta. Ya dawo da ita tana ƙyalli, yana washe baki: "Baba, har lambar na sa an goge." Na sa masa albarka. To me zan ce?

A makon ne 'yan kasuwa suka yi taro kan kyamarorin nan. Wasu na cewa suna kama ɓarayin mota, wasu na cewa mutum ko gidan ɗan'uwansa ya je sai an rubuta. Sawu huɗu na yi ina kai mutane.

Ran Laraba aka kira ni ofis. Wani jami'i mai ladabi ya ba ni kujera, ya karanto min rayuwata daga kwamfuta: asibitin da na je ran Talata, wanda ko uwargida ban gaya wa ba, da gidan ƙanena da na rantse na daina takawa. Ya ce ba ruwansu da ni, sunayen waɗanda na sauke a taron kawai suke so, kuma in riƙa leƙowa duk Laraba. Taɓo kuwa, in aka sake gani, laifi ne. Na ce tsufa ya cinye min ƙwaƙwalwa. Ya ce, "Ba komai, Baba, motar za ta tuna maka."

In na fita, duk wanda na ɗauka na miƙa shi gare su. In na zauna, gida babu cefane. Na gwada fita sau ɗaya. Malamin makarantar da ke cika min kunne da siyasa ya ga lambar fes, ya shiga, ya yi min zancen zafin rana har muka isa. A nan na gane rai ya yi halinsa.

Ta bar safayar taya ɗaya, da jak na ɗaga mota, da surukina da ke ta yi min jaje bai san komai ba.

Mai ƙarafa ya ci riba. Fasinjojina sun tsira da sunayensu, ba su ma sani ba. Ni na rasa abin yi, kuma jami'in ya aiko cewa Laraba tana nan, ko a ƙafa in zo.

Za a yi jana'iza ran Asabar da hantsi a filin mai ƙarafa. Masu ta'aziyya su zo a ƙafa, ɗaya bayan ɗaya, kada kowa ya rage wa kowa hanya. Ina roƙon alfarma guda: kada a yi wa gawar wanka. Wanda aka yi mata ya isa.