Sun Gyara Mini Tsirkiya

Jama'a, jiya an gyara mini aikin shekara huɗu cikin minti arba'in, kuma wai ni ne da godiya.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne mutumin nan na Iskandariyya mai kaɗa hafsikod, kakar fiyano, wadda muryarta ba ta fi ta cokali a kofin shayi ba. Shekara huɗu na yi ina tsara wani kiɗa da ba ya yiwuwa sai an ɗaure kowace tsirkiya bisa tsohon lissafi, yadda sauti biyu za su haɗu su kwanta luf, babu karkarwa. Saitin fiyanon zamani kashe shi yake yi. Kwana uku na yi a zauren al'adun unguwarmu ina murɗa tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, laimar teku tana kwancewa, ina sake ɗaurewa. Yini ɗaya tak aka ba ni in gwada wa duniya, shi ma bayan hatimi goma sha ɗaya.

Da azahar na fita cin wake wurin Baba Girgis. Ya ce, "Ustaz Midhat, kiɗan nan naka, mutum nawa ke gane shi?"

Na ce, "Mu shida ne, ɗaya ya rasu bara."

Ya ce, "Allah ya ba sauran haƙuri." Ya ƙara mini mai.

Ashe ina can ina lasar yatsa, Mai Girma Sarkin Yanka Kintinkiri, babban jami'in hukuma da muke ce wa Basha, ya zo duba shiri. Ya danna hafsikod ɗin da yatsa ɗaya, ya yamutsa fuska, ya ce abin nan ya lalace, kada a kunyata mu gaban baƙi. Nan take aka kira mai saitin fiyano na ofis, ya mayar da komai irin na fiyano. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Shekara takwas rufin zauren yana yoyo ba a samu mai hawa ba, amma tsirkiyata ko awa ba ta jira ba. Wa ya ce hukuma ba ta aiki?

Da na dawo na ce, "Ranka ya daɗe, Basha, ai da gangan na ɗaure ta haka."

Ya dafa kafaɗata. "Kada ka ji kunya, ɗana, kowa yana kuskure." Na girme shi da shekara goma.

An ce in kiɗa ya canza rawa ma ta canza. Na hau na kaɗa, zuciyata tana ƙuna, domin abin da ke fita ba nawa ba ne. Da na gama, zauren ya ɗauki tafi irin wanda ban taɓa samu ba tun da uwata ta haife ni. Kuma, Allah ya yafe mini, na rusuna har sau uku.

A hanyar gida matata Nawal ta ce, "Wallahi, Midhat, yau kam ka yi kiɗa! Ko ciwon kai ban yi ba."

Basha ya yi alkawarin turo mai saitin har gida ya gyara wadda nake da ita a ɗaki. Alkawarinsu bai taɓa ba ni tsoro ba, tunda ba cikawa suke ba. Abin da ya dame ni, tun safe Nawal take cigiyar lambar wayar mai saitin.