Masa Biyu a Tsakiyar Addu'ar Kawu

Har in tsufa ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan ɗan yayata ba, a Tudun Wada ta Gusau, lokacin ina aji uku na sakandare.

Kawu Sani, wan innata, malamin makaranta ne a Tsafe kafin ciwon jijiyoyi ya kama shi (likitoci sun ce maltiful sikilerosis, sai da na yi sati kafin bakina ya iya). Hankalinsa ras, amma maganarsa ta koma gaɓa-gaɓa: ya ja kalma, ya tsaya a tsakiyarta, can kuma uku su zubo tare. Da mutane suka dame shi da ƙarasa masa zance, sai ya daina magana a taro. Da ƙyar Baba ya lallashe shi ya yarda zai rufe taron da addu'a, kuma duk gidan mun san in abin ya ɓaci ba zai ƙara ba.

Ni kuwa aka dire tiren masa a gabana, ga shi ban karya ba (kukan cikina ina jin har Bungudu an ji).

Kawu ya fara, muna amin. Ya roƙa wa jariri albarka, sai shiru. Idona a rufe, na jira kamar shekara. Na ce to, an gama. Na shafa fuska, na yi hamdala da ƙarfi, na danna masa guda biyu a bakina.

Ina buɗe ido na ga hannun kowa a sama. Ashe numfashi Kawu yake tattarawa. Kallon da Baba ya yi min, na san bulala ta hau kaina. Kafaɗun Kawu suka fara rawa, na ce shi ke nan, na sa shi kuka.

Ashe dariya ce.

"Ku bar shi... ya ha-ɗi-ye," in ji shi. "Ai ni ma... ji-ra-na ku-ke yi."

Haka dattawa suka zauna, hannu a sama, suna jiran maƙogwarona. Sannan Kawu ya ƙarasa addu'arsa a tsanake, ba wanda ya tsoma baki. Da aka watse ya hana Baba taɓa ni, ya ce rabonsa da dariya irin wannan ya manta. Sunan da aka yi bayan wannan ma shi ya yi addu'a.

Allah ya saka wa Kawu da alheri. Ni dai tun ranar, in ana addu'a ido ɗaya kawai nake rufewa.