Sarkin Ruwan Kudai

Shekara ashirin ina nemo wa alhazai masauki a Makka. Saboda haka da wata Madam Saratu ta kira ni daga Jos, ta ce matan zumunta talatin za su zo ƙasa mai tsarki, ban bari ta ƙarasa ba.

"Halas, an gama, Hajiya, ki bar mini komai."

Na ɗauka zumuntar dangi ce. Na kama musu bene guda a unguwar Kudai, na shirya mota, na cika unguwar Mansur da labarin cewa sunana ya kai Filato.

Ranar da ta sake kira muna cin tsire da abokai, sai na ƙara muryar wayar don kowa ya ji.

"Malam, ana hango tafkin daga taga? Fastonmu yana so mu shiga kwalekwale mu yi waƙa."

"Wane tafki?"

"Na Galili mana, inda Yesu ya taka ruwa. Ba a Tibariya ta Isra'ila kake ba?"

Abokina Alhaji Bukar ya ƙware da yaji, sai da aka bubbuga masa baya.

Har yau in na shigo Mansur, mai tsiren yakan ɗaga wuƙa ya ce, "Sarkin Ruwa, yaushe kwalekwalen zai tashi?"