Zaren Inna a Tayar Babur

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan 'yar Hadiza ba, kuma Allah ya sani na so in manta. Hadiza ƙanwata ce, autar Innarmu, tana aure a Rogo. Ni ina Tudun Kaya kusa da gida, shi ya sa jinyar Inna ta faɗo hannuna.

Tun da aka ce Hadiza na da ciki Inna ta ɗauki kwarashinta ta fara saƙa wa jikar da ba ta gani ba farin shawul. Daga tsakiya ta faro, da ragowar wani tsohon ulu, tana zagayawa yana faɗi. Hannunta na rawa, ido ya yi rauni, amma kullum bayan la'asar sai ta ce a jingina ta da filo. In na ce ta huta sai ta harare ni. "Na yi wa naki, na auta ne zan bari a sa a na kanti?"

Saura kaɗan ta rufe bakinsa Allah ya karɓi abinsa. Na tarar da shi gefen katifarta, kwarashin soke a madaukin ƙarshe, ɗan dunƙulen zaren da ya rage yana lilo. Ni ban iya saƙa ba (a sakandare ajin girki na gudu, don can ana ɗanɗanawa). Na zare kwarashin na adana a akwatina, don in riƙa ganin abin da hannunta ya riƙe. Na ɗauko almakashi zan yanke dunƙulen, sai na kasa. Zaren da Inna ta taɓa ƙarshe, ni zan datse? Na naɗe shi a cikin shawul ɗin na ajiye. A tsakiyar akwai wani ƙaton ƙulli mummuna inda ta haɗa tsohon zare da sabo, har na ce wata rana zan gyare shi, kar a ce Inna ta yi aikin kunya.

Hadiza ta haifi mace, aka ce sunan Inna za a mayar. Da bakina na kira ta a waya na faɗa mata zancen shawul. Ta yi ta kuka, ta ce, "Yaya, kar ki ba kowa, ke za ki kawo da hannunki. A ciki za a fito da ita."

Ranar suna na cusa shi a saman jakar bakko, kan turamen barka. Zip ɗin jakar ya daɗe da mutuwa, na ce ai ba nisa. Malam Sabo ɗan acaɓa, maƙwabcinmu, ya ɗaure ta a bayan babur, na hau ina ta addu'ar hawa abin hawa. Komai na tsare a tafiyar nan, ban da bakin jaka.

Wani wuri a gargadar hanya dunƙulen ya faɗo, zaren ya kama cibiyar tayar baya. Ban gani ba, ban ji ba, ina can ina tsara jawabin da zan yi. Mun kusa Rogo Malam Sabo ya ce, "Hajiya, yau mashin ɗin nan nishi yake. Ko azumin bana bai kama ki ba ne?"

"Kai dai ja mu, Malam, mashin ɗinka ne ya tsufa."

Da na sauka ƙofar gidan na hango wani farin abu ya naɗe tayar, fari da baƙi-baƙi. Har tsiya na yi masa. "Lallai Malam Sabo, har babur ma an yi wa kwalliyar suna!" Na saɓi jakata na shige ina dariya.

Tsakar gida cike da mata, ana ta rabon waina. Surukar Hadiza, Hajiya Kande, ta tare ni da fara'a. "Sannu da zuwa, babbar yaya. Tun safe ake jiran kayan marigayiya. Mun hana a naɗe yarinyar a komai."

Da na bi ta ɗaki a hankali, da abin ya tsaya tsakanina da ƙanwata. Ina! Sai na tsaya tsakiyar mutane na ce a saurara. Na ba da labarin hannun da ke rawa, da filo, da la'asar. Na ce ko a Kano ba a samun irinsa. Tsofaffi na share ido, ana ta "Allah ya jiƙanta." Aka fito da Hadiza rungume da jaririya. Na yi bismilla na zura hannu a jaka.

Abin da na ɗago bai kai faifai ba. Ɗan fari mai kusurwa huɗu, da guntun zare a karkace yana reto.

Na sake zura hannu. Na zazzage turamen a tabarma, na kaɗe jakar, har leƙa ta na yi kamar rijiya. Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Hular ce wannan, ina shawul ɗin?" Wata ta ce, "Ko na rufe kofi ne?" Aka yi 'yar dariya, aka haɗiye. Daidai nan aka yi sallama daga zaure, aka shigo da saƙon Malam Sabo a leda: wai a ba Hajiyar da ya kawo, ga abin da ya yanko da reza daga tayarsa. Ulu ne gutsi-gutsi, ya sha baƙin mai da jar ƙasa.

Hajiya Kande ta juya ɗan abin a hannunta ta ce a hankali, "Kin cire kwarashin ba ki rufe madaukin ba ko? Saƙa ai zare ɗaya ne, 'yata, kowane madauki ɗan'uwansa ke riƙe da shi. Na ƙarshe ya kuɓuce, sauran bin sa za su yi." Ta nuna tsakiya da farce. "Ƙullin nan ne ya cije, zaren ya tsinke a kansa. Ba don shi ba, ko wannan ba za ki kawo ba."

Ƙullin da na so in gyare.

Na so Hadiza ta zage ni. Wallahi da ta mare ni da na samu sauƙi. Ta karɓi ɗan abin ta shinshina, ta ɗora a ƙirjin 'yarta, bai ko rufe cibiya ba. Can ta ce, "Ba komai, Yaya. Kin sha hanya, ki ci abinci." Aka aro shawul na kanti daga maƙwabta aka naɗe takwarar Inna a ciki.

Da aka miƙo mini ita na ga haɓar Inna sak, har ɗan lotsawar nan. Na tuna malaminmu na bayoloji da ya ce a kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai dogon zare a nannaɗe, shi ke kai kamannin iyaye ga 'ya'ya. Na ce alhamdulillahi da Ubangiji bai ba ni ajiyar wannan zaren ba, da a hanyar Rogo zai ƙare.

Na wanke guntayen, baƙin man bai fita duka ba. Kullum bayan la'asar ina ƙulla su ɗaya bayan ɗaya, maƙwabciyata na koya mini riƙon kwarashi. Yarinyar har ta fara tafiya, abin da na saƙa bai kai zanin goyo ba, kuma ƙulli ya fi saƙar yawa. Hadiza ba ta taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa nuna mata ba.

Abin da na koya dai, tausayi ba ya riƙe zare. Yanzu komai na taɓa sai na ƙulle shi tam, har maigidan ya gaji da neman wuƙa kafin ya buɗe ledar sukari. Kuma na daina raina mummunan ƙulli: shi kaɗai ya tsaya wa Inna ranar da ni 'yarta na sake ta.